Yadda ake zaɓen fad da diskin birki idan lokacin canji ya yi

Ranar da birki ya fara kuka, yawancinmu abu ɗaya muke yi: mu faɗa wa mai kayan gyara sunan mota da shekararta, ya miƙo kwali, mu kai wa makanike. Wani lokaci a dace. Wani lokaci kuma ko wata ba a rufa ba ƙarar ta dawo, ko sitiyari ya soma rawa a hannu duk sa'ad da aka taka birki a kan gudu, sai a shiga neman wanda za a ɗora wa laifi tsakanin makanike da mai kaya. Alhali tun wajen zaɓe aka saki hanya.

Abu biyu ake magana a kai. Akwai diski, faifan ƙarfen nan da ke juyawa tare da taya, wanda kake hangowa ta ramukan wili. Akwai kuma fad, takalman birki biyu da ke zaune cikin kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da diskin, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, waɗanda ke damƙe diskin idan ka taka. Aikinsu kawai su mayar da gudu zafi. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 100 a awa, idan ka tsayar da ita cak, zafin da birkinta ya shanye cikin 'yan daƙiƙun nan ya isa ya tafasa ruwa fiye da lita ɗaya da rabi. Idan gudun ya ninka biyu, zafin ninki huɗu yake yi. Ka riƙe wannan, domin kusan duk bambancin da ke tsakanin wannan fad da wancan, a kan yadda kowanne ke yi da zafi ya ta'allaƙa.

Mataki na 1: A cire taya ka gani da idonka

Kunne yana ba da labari, amma ba ya yanke hukunci. Siririn fito mai tsini da ke tashi kana tafiya a hankali galibi wani ɗan harshen ƙarfe ne da aka maƙala a jikin fad da gangan, domin ya taɓa diski idan abin da ya rage bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Gargaɗi ne, kana da sauran 'yan kwanaki. Gurnani mai kauri kamar ana jan shebur a kan siminti kuwa, fad ya riga ya ƙare, ƙarfen bayansa ne ke cin diskin. Ƙarar da kake ji da safe bayan motar ta kwana cikin ruwan sama tsatsa ce kawai, taki biyu uku ta tafi. Wasu motocin, irin su BMW da Mercedes da Volkswagen da yawa, waya ce a jikin fad ɗin, idan ya cinye fitila ta kama a dashbod.

Gani ya kori ji. A ɗaga motar, a cire tayoyin ɓangarorin biyu, ka duba fad huɗun da ke gaba ko huɗun da ke baya, kada ka tsaya ga na waje da ke fuskantarka. Na ciki, wanda fistin ɗin cikin kalifa ke turawa kai tsaye, sau da yawa shi ke riga cinyewa, kuma shi ne a ɓoye. Sabon fad na gaba yakan zo da nama mai kaurin milimita 10 zuwa 12, ban da ƙarfen baya. Idan ya sauko 3, lokaci ya yi.

Ka lura da yadda ya cinye, domin tsohon fad ba ya ƙarya. Idan ɗaya ya ƙare ɗan'uwansa na da rabi, ko ya cinye a karkace, kai siriri gindi da kauri, to kalifa ce ba ta zamewa yadda ya kamata, ko fistin ya liƙe. Ka sa fad mafi tsada a duniya a kan wannan kalifar, haka zai cinye shi ma. A gyara ta tukuna.

Sai diski. Kowanne yana da iyakar siririntar da kamfani ya yarda da ita, kuma a rubuce take a jikinsa, a gefen baki ko a tudun tsakiya: za ka ga MIN TH da lamba a gabansa. Tsatsa kan rufe rubutun, sai an goge da burushin waya. A ƙananan motoci tazarar ba ta da yawa, diskin gaba da ya zo da milimita 25 yakan tsaya a 23. Ka ja farce daga tsakiyar fuskar diskin zuwa baki. Idan farcen ya ci karo da wani leɓe da ya taso a bakin, wurin da fad ba ya kai wa ke nan, kuma tsayin leɓen shi ne abin da aka cinye a wannan fuskar. Saboda leɓen nan ne ma'auni mai faffaɗan baki ke yaudara, a kansa yake zama ya nuna maka kaurin sabo. Da maikuromita, ma'aunin kauri mai siririn baki, ake aunawa, kamar milimita 10 daga baki, a wurare shida ko takwas kewaye da faifan, sannan a ɗauki mafi ƙanƙanta. Ka duba kuma ko akwai kwari masu zurfi da farce ke maƙalewa a ciki, ko tabon shuɗi na ƙuna, ko tsagewa. Diskin da ya tsage har baki ba a shawara a kansa.

Idan ƙorafinka rawar sitiyari ce ko bugun feda a ƙarƙashin ƙafa, za a ce maka diski ya lanƙwashe. Yana faruwa, amma abin da aka fi samu shi ne kaurin faifan ya daina zama ɗaya: wani wuri ya cinye fiye da wani, ko naman fad ya shafu a wani wuri ya yi tudu. Bambancin da bai kai kaurin silin gashi ba ya isa ƙafarka ta ji shi. Sau da yawa asalin ciwon tsatsa ce a fuskar hob, inda diskin ke zama, ta sa shi ya zauna a ɗan karkace. Kamfanoni da yawa ba sa yarda karkatar ta wuce milimita 0.05. Zan dawo kan wannan a ranar ɗauri.

Mataki na 2: Me za a canza, me za a bari

Idan diski yana da sauran kauri mai kyau, fuskarsa sumul, ba ya bugu, fad kaɗai ya isa. Amma ka yi lissafi: diskin da ya rage masa kaɗan ya kai iyaka zai wuce ta tun sabon fad bai yi rabi ba, ka sake biyan kuɗin aiki a banza. Gara a haɗa su.

Ana iya kai diski a sassabe fuskarsa a inji, muddin bayan sassabar yana sama da lambar da ke jikinsa. Ni dai ban cika son hakan ba a motocin yanzu, domin faifansu tun asali ba shi da rarar nama, kuma diskin da ya siraice ya fi saurin ɗaukar zafi.

Ƙa'ida biyu ba a ketare su. Ana canzawa dama da hagu tare, ko da ɗaya ne ya lalace, in ba haka ba motar za ta riƙa fizga gefe guda idan ka taka da ƙarfi. Kuma ba a ɗora tsohon fad a kan sabon diski, domin ya riga ya ɗauki zanen tsohon, zai kwafa shi a kan sabon. Gaba da baya kuwa ba dole a yi su rana ɗaya ba. Na gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aiki saboda nauyin mota gaba yake zubowa idan an taka birki, shi ya sa a yawancin motoci shi ke fara ƙarewa.

Mataki na 3: Nemo lambar, kada ka dogara da sunan mota

A nan aka fi faɗawa rami, ni ma na taɓa faɗawa. Na sayi fad da sunan mota da shekara, mai kaya ya tabbatar mini shi ne. Makanike ya kwance komai, ya zaro tsohon, ya kifa shi a kan sabon baya da baya, ya ɗaga su sama yana kallo ta haske. Kunnen sabon ya ɗara da ɗan abin da bai kai faɗin ƙwayar shinkafa ba. Ya ce, "Maigida, wannan ai ƙaninsa ka kawo, ba shi ba ne." Motar a kan jak ta kwana. Kama da wane ba ta wane.

Dalili shi ne mota ɗaya, shekara ɗaya, tana iya fitowa da birki iri biyu ko uku, gwargwadon girman injin, ko ƙasar da aka ƙera ta dominta, ko masana'antar da ta haɗa ta. Mai babban inji takan samu babban diski. Wata kuma an sauya mata kamfanin kalifa a tsakiyar shekara.

Abin da zai fisshe ka shi ne lambar shasi, wadda ake kira VIN. Haruffa da lambobi 17 ne, tsarin da aka daidaita a kansa tun 1981, kuma babu harafin I ko O ko Q a ciki, don kada a rikita su da 1 da 0. Tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, ko a jikin ginshiƙin ƙofa, tana kuma cikin takardun mota. Da ita dilan kamfanin ko kundin kayan gyara na intanet zai fitar maka da lambar kayan na asali. Da zarar ka samu wannan lambar ka huta, domin kundin kowane kamfanin kirki yana nuna wane kayansa ne ke maye gurbinta. Motocin Volkswagen da Audi da Skoda da Seat suna da ƙarin wata takarda da aka liƙa a ramin safayar taya ko cikin littafin sabis, mai ɗauke da gajerun lambobin da ake kira PR, kuma a cikinsu ne ake gane wane birki aka sa wa motar. Kundi zai tambaye ka ita.

Duk da haka, tunda taya na ƙasa, ka ɗauki hoton kalifar. Sunan wanda ya ƙera ta yakan fito a jikinta: ATE, TRW, Bosch, Brembo, Akebono, Advics, Nissin, Mando. Siffar fad kalifa take bi, ba tambarin da ke gaban mota ba. Ka kuma rubuta awon diskin: faɗinsa daga baki zuwa baki, kaurinsa, tsayinsa idan an kwantar da shi a ƙasa, faɗin ramin tsakiya, da yawan ramukan noti da tazararsu, abin da za ka ga an rubuta kamar 4x100 ko 5x112 ko 5x114.3. Tsayin nan shi aka fi mantawa da shi. Diski biyu na iya yin faɗi ɗaya da kauri ɗaya, amma ɗaya ya zauna ba a tsakiyar kalifa ba.

Diskin baya yana da nasa tarkon. Wasu cikin tudunsu ganga ce da ƙananan takalman birkin hannu ke kamawa. Wasu kuma, musamman a motocin Faransa irin su Renault da Peugeot da Citroën, a haɗe suke zuwa da boris da zoben ABS, na'urar nan da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi. Ka san wanne ne naka kafin ka ba da kuɗi.

Mataki na 4: Wane irin fad ne ya dace da tuƙinka

Naman fad kwaɓi ne na abubuwa da yawa, zare da gari da ƙarfe da ƙaro mai haɗa su, aka matse aka gasa. Kowane kamfani yana ɓoye nasa haɗin, amma a kasuwa gida uku aka fi sani.

Na farko shi ne oganik, wanda ƙarfe ya yi ƙaranci a cikinsa. Yana da laushi, ba ya yawan ƙara, yana tausaya wa diski, yana kama da kyau tun yana sanyi. Aibinsa saurin cinyewa, kuma idan ya sha zafi sosai yakan saki. Ƙaramar mota mara nauyi da ba ta wuce zirga-zirgar cikin gari, ya ishe ta.

Na biyu mai rabin ƙarfe, wanda ƙarfen cikinsa kan kama daga kashi 30 zuwa 65 cikin 100. Wannan shi ne jakin aiki. Yana jure zafi, yana riƙe kamunsa a doguwar gangara, shi ya dace da motar da ke ɗaukar kaya, ko jan tirela, ko tuƙin duwatsu. A madadin haka zai ba ka baƙar ƙura a wili, zai ci diski fiye da sauran, wani lokaci ya yi maka waƙa. Akwai ƙaninsa mai ƙarancin ƙarfe, wanda motocin Turai da yawa ke fitowa da shi daga masana'anta. Shi ya sa za ka ga motar Jamus wilinta na gaba ya yi baƙi ƙirin bayan kwana kaɗan da wanki. Ba lalacewa ba ce, farashin kamun da take yi ke nan.

Na uku seramik, wanda ya bazu tun shekarun 1980, kuma motocin Japan da na Amurka da yawa da shi suke zuwa. Shiru gare shi, ƙurarsa kaɗan ce kuma mai haske, yana daɗewa. Amma sunan ya zama abin talla, har mutane na ɗauka duk inda aka rubuta seramik an gama magana. Ba haka ba ne. Kamunsa na farko ya fi na mai ƙarfe laushi, kuma ba shi ne zaɓin farko ba ga motar da ke shan lodi a gangara. Babu kuma wata doka da ta ƙayyade yawan seramik ɗin da za a zuba kafin a buga sunan a kwali, don haka na kamfanin kirki da na banza suna ɗaya suke amsawa.

Shawarata ga mafi yawan masu mota ita ce su tsaya kan irin da motar ta zo da shi. Injiniyoyin da suka ƙera ta sun daidaita ABS da rabon ƙarfi tsakanin gaba da baya a kan wannan kamun. Kada ka sauya sai kana da ƙorafi takamaimai. Ƙura ta dame ka kuma tuƙinka na lalama ne, koma seramik. Kana jin ƙauri a gangara, feda tana nan da tauri amma motar ba ta son tsayawa, koma mai rabin ƙarfe. Idan kuwa fedar ce ke yin laushi tana nutsewa lokacin zafi, wannan man birki ne ya tafasa, canjin fad ba zai yi maganinsa ba.

Fad ɗin tsere kuma ka bar wa masu tsere. An yi shi ne ya yi aiki a zafin da motar gida ba ta kai wa, da safe yana sanyi kamunsa bai kai na talaka ba, ga ƙara ga cin diski. Wani abin da ba a son ji shi ne, idan birkinka na yanzu yana iya sa ABS ya motsa a busasshiyar kwalta, to iyakar tsayawarka a hannun taya take. Fad mai ƙarfi ba zai rage maka ko taku ɗaya a tsayawar gaggawa guda ba. Amfaninsa ya bayyana ne a taki na biyar da na goma, lokacin da komai ya yi zafi.

Mataki na 5: Karanta gefen fad da jikin kwali

Ka ɗauki fad ɗin ka juya shi. A gefensa ko bayansa, cikin jerin rubutu, sau da yawa za ka ga haruffa biyu kamar EE, FF, FE ko GG. Tsarin Amurka ne na nuna ƙarfin kamu. Harafin farko kamun fad a matsakaicin zafi, na biyu kamunsa idan ya yi zafi sosai. E na nufin 0.25 zuwa 0.35, F na nufin 0.35 zuwa 0.45, G kuma 0.45 zuwa 0.55. Yawancin motocin gida FF suke, na Turai da dama FG ko GG. Abin lura biyu ne: kada ka sauka ƙasa da abin da ke jikin na asali, kuma idan harafi na biyu ya gaza na farko, kamar FE, fad ɗin yana gaya maka da bakinsa cewa zafi na rage masa ƙarfi. Sai dai kowane harafi ɗaki ne mai faɗi, FF biyu na kamfani daban-daban ba lalle ƙafarka ta ji su ɗaya ba.

Alama ta biyu ta Turai ce: harafin E cikin da'ira da lamba a gefensa, sannan rubutu mai farawa da 90R. Lambar da ke gefen E ɗin ta ƙasar da ta ba da izini ce, 1 Jamus, 2 Faransa, 3 Italiya, 11 Birtaniya, ba ƙasar da aka ƙera kayan ba. Dokar da ke bayan wannan alamar, wadda ake kira R90, ta fara aiki a kan fad tun 1999, aka faɗaɗa ta zuwa diskin ƙananan motoci daga Nuwamban 2016, kuma sharaɗinta shi ne kada kamun fad ɗin ya kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin 100, sama ko ƙasa. Ba lambar yabo ba ce, shaida ce cewa an gwada shi. Idan ka ga hoton ganye a kwali, wannan maganar tagulla ce: jihohin Kalifoniya da Washinton sun yi doka a 2010 a rage ta saboda ƙurarta na gurɓata ruwa, zuwa ƙasa da kashi 5 a 2021 da ƙasa da 0.5 a 2025. Bai shafi ƙarfin birki ba.

Game da suna, ba dole sai kwalin kamfanin motar ba. Masu ƙera motoci galibi saye suke yi daga irin su Akebono, Advics, Textar, Pagid, Ferodo, Jurid, ATE, TRW, Bosch da Brembo, waɗanda kuma ke sayar da kaya cikin nasu kwalin. Matsalar ita ce sunan da ya fi tashe shi aka fi yi wa jabu. Ka duba ko lambar da ke kwali ita ce a jikin fad, ko rubutun ya fito tsaf ba ya gogewa da yatsa, ko naman ya manne da ƙarfen baya ba tare da wata kafa ba, ko siririn farantin da ke bayansa mai kashe ƙara ya zauna daram. Ka kwatanta da hoton da ke kundin kamfanin: tsagin tsakiya da sassaƙar gefe su zo ɗaya. Idan an yi maka arahar da ta ba ka mamaki, mamakin ka bi. Fad ɗin da ba a san asalinsa ba, ba ka san me aka dama a ciki ba. A da da asbestos ake yi, mai jawo cutar daji a huhu, Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya daga 2005, amma ba ko'ina aka daina ba. Shi ya sa ba a hure ƙurar birki da iska, wanke ta ake yi.

Fad na hannu kuwa, wanda aka ciro daga wata motar, ko kyauta aka ba ka ka gode ka ajiye.

Mataki na 6: Diski

Wannan ya fi sauƙi. Kusan duk diskin motar gida zubin baƙin ƙarfe ne. Akwai curarre, akwai mai ramukan iska a tsakanin fuskoki biyu. Abin da motar ta zo da shi za ka mayar, ba a musanya su.

Mai sumul ɗin fuska shi ya fi dacewa da kusan kowa. Mai huji-huji yana da kyan gani ta cikin wili, amma idan ya sha zafi tsagewa kan fara daga bakin hujin, musamman mai araha da aka huda bayan an gama zubi. Mai zane-zanen tsagi yana share fuskar fad, yana taimakon mai jan kaya, amma yana cin fad kuma yana ɗan gurnani. Idan ka zaɓi irin waɗannan, duba ko an rubuta na dama da na hagu, domin wasu ramukan iskarsu a karkace suke, idan aka juya su ba sa fitar da zafi yadda ya kamata.

Abin da nake ganin kwalliyarsa na biyan kuɗin sabulu shi ne diski mai rufin hana tsatsa, musamman ga mai zama wurin danshi ko bakin teku, ko wanda motarsa ke daɗewa a ajiye. Motocin lantarki da masu haɗa inji da batir sun fi kowa buƙatarsa: injin lantarkinsu da kansa yake rage gudu yana cajin batir, birkin ba ya samun aiki, sai tsatsa ta kashe diskin tun bai cinye ba. Wanda aka rubuta masa yawan kabon ya fi shanye ƙara da jure zafi, idan motarka da shi ta zo, da shi za ka mayar.

Mataki na 7: Ƙananan abubuwan da ake mantawa

Ka tambaya ko kwalin ya zo da sababbin kilif, 'yan ƙarafan da kunnen fad ke zamewa a kansu. Tsofaffin sun sha zafi sun saki, su ne rabin ƙarar da ake ɗora wa fad. Idan motarka mai waya ce kuma fitila ta riga ta kama, wayar ta cinye, sai sabuwa. Giris ɗin sandunan kalifa na musamman ne, mai silikon, domin giris na gama-gari yana kumbura robar da ke rufe su. A wasu motocin kusoshin da ke riƙe kalifa sau ɗaya ake ɗaura su, littafin motar zai faɗa.

Man birki yana shan danshi daga iska, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu. Sabon man birki ajin DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 na Salsiyos, amma idan ya sha ruwa ma'aunin da aka yarda da shi 155 ne. DOT 3 kuwa 205 da 140. Abin da aka rubuta a murfin tankin za ka zuba. DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da sauran, kada kamar sunansa da DOT 5.1 ta ruɗe ka. Kuma kada ka cika tankin ana gobe canjin fad: idan aka tura fistin baya man zai hau sama ya zube, yana kuma cin fenti.

Mataki na 8: Ranar ɗauri

Ko ba kai za ka ɗaura ba, tsaya a wurin. Kafin a buɗe ledar komai, a kifa tsohon fad a kan sabo, a jera tsohon diski da sabo a ƙasa a duba tsayi da ramuka. Mai kaya ya fi karɓar abin da ba a ɓata ba.

Ka sa ido a kankare fuskar hob har ƙarfe ya yi fari kafin sabon diski ya hau. Minti biyar ne, amma shi ke raba diskin da zai shekara lafiya da wanda zai fara bugu bayan wata uku. Diski mara rufi yana zuwa da mai a jikinsa, a wanke shi da maganin wanke birki. Kada a bar kalifa tana reto a jikin tiyonta, a rataye ta da waya. Idan birkin hannunka na maɓalli ne, sai an sa shi a yanayin gyara da na'ura ko ta hanyar da kamfanin ya tsara kafin a taɓa na baya, tura fistin da ƙarfi yana lalata ɗan injin lantarkin da ke cikin kalifar. Notin taya a ɗaure su a tsallake, wannan sannan na daura da shi, da sifana mai auna ƙarfi. A ma'aunin ƙarfin ɗauri da ake kira Nm, Toyota da yawa 103 suke so, Honda 108, Volkswagen 120, naka yana cikin littafin motarka.

Kafin motar ta motsa, a taka feda sau da yawa har ta yi tauri. Takin farko ƙasa take tafiya, babu birki ko kaɗan.

Daga nan sai a sa fad da diski su saba da juna. Idan akwai takardar umarni a kwali, ita za ka bi. Idan babu, nemi miƙaƙƙiyar hanya da ba kowa, ka kai kilomita 60 a awa, ka taka da matsakaicin ƙarfi har ka sauko wajen 10, ka sake ɗagawa, sau takwas zuwa goma. Kada ka tsaya cak ka danne feda alhali diskin na da zafi, fad zai bar hotonsa a wuri guda, bugun da ka gudu ya dawo. Bayan nan ka yi tafiyar minti biyar zuwa goma ba ka taɓa birki ba sai dole, iska ta huce shi. Ɗan ƙauri a wannan lokacin ba abin tsoro ba ne. Kilomita 200 zuwa 300 na farko ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gaba, ka kuma koma a sake gwada notin taya bayan kilomita 50 zuwa 100. Ranar ka leƙa ta ramin wili: fuskar diskin ta zama launi ɗaya daga ciki har baki. Idan ka ga zobe mai tsatsa da fad bai taɓa ba, a sake buɗe wannan kalifar.